Reshen da ke kan ɗakin Iya

Sana'ata rage wa bishiyoyi kai. Idan damina ta kawo jiki, masu gidaje daga Bebeji har Kiru sukan aiko mini, in hau in datse rassan da suka leƙa kan ɗakuna kafin iska ta riga ni. A zamanin En'e ne, lokacin da gyaɗa ta fara sa mutane rufin kwano, kowa yana tsoron abin da zai faɗo masa a ka. Mutane sun ɗauka aikin ƙarfi ne kawai. In don ƙarfi ne, ai jaki ma yana da shi.

Mahaifina ya koya mini cewa babbar bishiya ba a faɗa mata da sara kamar an tsinci kayan banza. Sai ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka jingina gatarinka a gindinta ya kwana. In ka dawo ka tarar da shi a tsaye, masu wurin, waɗanda ido ba ya gani, sun kwashe kayansu, sai ka hau. In ka same shi a ƙasa, ɗauki abinka ka kama gabanka.

Haka na yi a gidan Malam Alkasim, wani mai awon gyaɗa a Bebeji. Tsamiya ce a tsakar gidansa, ta girmi kakansa. Iskar farkon damina ta tsage wani reshe mai kaurin turmi, ya rataya daidai kan ɗakin mahaifiyarsa, Iya. Ƙafafun tsohuwar sun daɗe da mutuwa, amma bakinta da ransa. An yi an yi ta koma wani ɗaki, ta ce ita ba tabarma ba ce da za a riƙa naɗe ta ana canja mata wuri.

Washegari rafin garin Ƙofa ya kawo ruwa ya tsare ni a ƙetare. Ban iso ba sai da rana ta yi ja. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, ana jin cida daga nesa. Alkasim da ƙanensa Balarabe suna tsaye a zaure, su ma dawowarsu ke nan daga kasuwa.

"Malami, ka ga abin da ke tafe," in ji Alkasim. "Reshen nan ba zai kai safiya ba."

"Malam, ba a hawa da almuru."

"To Iya fa?"

Aka yi mana iso, matarsa Zuwaira ta shige ɗaki, muka shiga. Gatarina yana nan a tsaye, jingine da gindin tsamiya. Na ce a raina, tunda sun tashi, almuru ba zai cinye ni ba. Na yi bismillah na hau.

Na ɗaure igiya a wuyan reshen, na zarga ta a wata gwafa da ke sama, na jefa musu bakinta. Aikinsu su riƙe, in reshe ya rabu su ja shi ya sauka a fili, nesa da jinkar Iya. Na gyara zama na fara sara.

Tsamiya tauri gare ta, gatari yakan yi tsalle a kanta. Wannan kuwa shiga yake yi kamar a kabewa.

Sai na lura babu tsuntsu. Bishiya irin wannan da magariba kunnenka ba ya hutawa, amma ko jemage babu. Na dafa ɓawon don in gyara ƙafa, na ji shi da ɗumi, irin ɗumin shimfiɗar da mutum ya tashi daga kai yanzu.

Na ci gaba. Na kai rabi.

Ƙamshin daddawa ya bugi hancina, da hayaƙin kara. Na leƙa madafin gidan, murhu a mace yake. Daga cikin saran ƙamshin ke fitowa.

Na tsaya. Amma sautin bai tsaya ba. Dum. Dum. A cikin itacen, ƙarƙashin cinyata, wani yana daka.

"Malam," na ce. "Wa ya taɓa gatarin nan?"

"Ba wanda ya taɓa," in ji Alkasim.

Sai asabarin ɗakin Zuwaira ya motsa.

"Malam, ni ce," ta ce wa mijinta a hankali. "Da safe ina shara na gan shi yashe a ƙasa. Na ga kayan mutane ne, kar raɓa ta ci shi, sai na tayar."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Kirki ta yi, baiwar Allah, ba wanda ya gaya mata. Amma an ce mana a'a, ga ni zaune a kan gidan mutane na rushe rabi.

Sauka kuwa ba ta yiwuwa. Reshen da aka ci rabinsa, iskar farko za ta kwantar da shi a kan jinka.

"A fitar da Iya!" na yi ihu.

Alkasim ya sassauta igiya zai ruga, reshen ya yi ƙara ya sunkuya, Balarabe ya tafi da gwiwa. Dole Alkasim ya koma ya riƙe. Zuwaira ta shiga ɗakin da gudu. Na ji tana roƙo, na ji tsohuwar tana cewa a ƙyale ta.

Iska ta iso. Ƙasa ta tashi, kwanon maƙwabta ya hau kuka.

Na ɗaga gatari.

Aka riƙe mini wuyan hannu.

Yatsu ne, dogaye, masu sanyi kamar ƙasan randa. Ban waiwaya ba. Numfashi yana sauka a bayan kunnena.

"Mun ce a'a." Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa. "Da mai jego a ciki."

"Ku yi wa Allah," na ce. "Da tsohuwa a ƙasa."

"Mu kuma ina za mu?"

Na nemi ayar da zan karanta, kaina ya zama fanko. Wani hannun ya sauka a tsakiyar bayana, ya fara turawa. A hankali, ba gaggawa. Ƙafata ta zame. Ƙasa tana can nesa, ga turmin gidan daidai inda kaina zai sauka.

A cikin itacen jariri ya tsala kuka.

Sai muryar Iya ta taso ta cikin jinka, tar, ta keta iskar.

"Ku sake shi, ɗan mutane ne, aiko shi aka yi. In wuri kuke nema ku sauko. Ɗakina da faɗi."

Dakan ya tsaya.

Hannun ya bar bayana.

Na ji ana wuce ni. Ɗaya bayan ɗaya, tufafi suna gogar kafaɗata, suna gangarawa. Da yawa. Ban ga kowa ba, jinkar kawai na ga tana lotsawa tana tasowa.

Na kai sara da duk ƙarfin da ya rage mini. Reshen ya rabu, igiya ta ɗauke shi, ya yi lilo ya faɗi a fili, ko ciyawa ɗaya ta ɗakin bai taɓa ba. Ban san yadda na sauko ba. Na dai farka a zaure, ruwa yana zuba, wani malami maƙwabcinsu yana tofa mini addu'a. Hannuna na dama ya yi sati bai riƙe ko ludayi ba.

Da na samu sauƙi na koma gaishe da Iya. Na tarar an yi rubutu, an yi turare, malamai sun yi iyakar yinsu. Ɗakin fayau, an share tas, gadonta babu kowa a kai. Ita kuwa tana can lungu a ƙasa, ta dunƙule, gwiwa a haɓa, ta rame kamar ba ita ba.

"Sannu Iya."

"Yauwa ɗan nan. Bi ta gefe, kar ka taka musu yaro."

Na durƙusa a bakin ƙofa, hawaye ya cika mini ido.

"Iya, ki bari a mai da ke ɗakin Zuwaira mana. Ki bar musu nan."

Ta girgiza kai.

"Sun ce in na fita, ba ɗakin suke so ba," ta ce. "Kai za su bi."

Ba ta sake yarda an ɗaga ta daga lungun nan ba. Kafin a yanke gero ta rasu, matan da suka yi mata wanka suka ce da ƙyar aka miƙe ta.