Itatuwan Bashiru, Lambar Zaharaddeen

Safiyya na zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai, sai ga yayanta Zaharaddeen ya faɗo ba ko sallama, wayarsa a ɗage sama kamar tuta.

"Inna! Inna, hito ki ji! Ni anka ba awad!"

Inna Maimuna ta leƙo daga madafa tana goge hannu da gefen zani. "Wace awad kuma, ɗan nan? Yi mini Hausa."

"Lambar yabo, Inna, ta masu aikin sa kai! Gamayyar Raya Karkara ta zaɓe ni na ɗaya, Bodinga da Shagari baki ɗaya. Ran Asabar za a ba ni gaban manya, har da injin ban ruwa sabo fil!"

Inna ta rangaɗa guɗa. Safiyya kuwa hannunta ya tsaya cak cikin waken.

"Yaya," ta ce a hankali, "wane aikin sa kai ka yi?"

Bai kalle ta ba. "Dashen itatuwa."

"A ina?"

"Dandin Mahe. Ke, mi ya dame ki da tambaya?"

Faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse ko'ina.

Duk Dandin Mahe mutum ɗaya aka sani da dashen itatuwa, shi ne Bashiru tela. Shekara huɗu ke nan yana fama da wani kwari da ruwan sama ya haƙa a bayan gari, wanda ya riga ya cinye gonaki uku. Da kansa yake renon dogon yaro da bagaruwa a ledoji, ya dasa su a bakin kwarin, ya kewaye kowane da ƙaya saboda awaki. Da rani kuwa, kafin ya buɗe shago, sai ya yi sawu shida zuwa rijiya da jarkoki a bayan keke. Mutane na yi masa dariya, suna kiransa mai shayar da icce.

A can Safiyya ta san shi, lokacin da ta je hutu gidan Goggo Saratu, ƙanwar babanta. Ta kai masa ɗinki, ya ɓata mata rana biyu saboda ban ruwa, ta je da niyyar masifa, ta dawo da murmushi. Shekara ɗaya da rabi suna tare. Amma da magabatansa suka zo Bodinga neman aurenta, mahaifinta Alhaji Sama'ila, babban dillalin albasa, ya sallame su da magana ɗaya: "Shi kawo abin da ka nuna shi mutum na, sannan mu yi magana."

Shi ya sa da Safiyya ta ji sanarwar lambar yabo a rediyo, ta ga kamar Allah ne ya buɗe musu ƙofa. Ita ta cika fom da hannunta, ta haɗa da hotunan itatuwan da ta ɗauka da wayarta, ta damƙa wa yayanta ya kai, don shi ya san ofishin.

Yanzu kuwa sai ta tashi ta bi Zaharaddeen har ƙofar ɗakinsa.

"Yaya, sunan Bashiru na rubuta! Da hannuna na rubuta!"

"To ni kuma na gyara." Ya zauna yana cire takalmi. "Ke duba nan, Safiyya. Shekara ukku da gama digirina ina yawo da fayil. Wagga satifiket in ta shiga takarduna, aiki ya samu. Shi tela mi za shi yi da ita? Shi rataya bisa keken ɗinki?"

"Injin fa? Ka san yadda yake wahalar ruwa? Yaya, filis, ka ji tsoron Allah!"

"Ki hita mini daga ɗaki!"

Inna ta ja ta gefe bayan ta ji komai. Ba ta ce Zaharaddeen ya yi daidai ba, sai dai ta riƙe hannun 'yarta tana hawaye. "Ki rufa mana asiri, ɗiyata. Tun bisa hanya ya kira babanku, shi ko ya riga ya hwaɗa ma mutanen kasuwa. In maganar ga ta hita, da wane ido za mu dubi jama'a? Ɗan'uwanki na, ciki ɗaya kunka hito."

Da la'asar Alhaji ya dawo da fara'ar da Safiyya ta daɗe ba ta gani ba. Ta durƙusa gabansa, ta faɗa masa gaskiya tana kuka. Ya saurara har ta gama, fara'ar tana gushewa kaɗan-kaɗan.

"Na ji," ya ce. "Amma abin da anka yi an yi. In kin buɗe baki kan wagga magana a waje, ki nemi wani uba."

Washegari da hantsi Bashiru ya kira ta. Muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan.

"An nuna mini hotunan a waya, Safiyya. Har kekena shina ciki, jingine ga icce. Ke kaɗai ke da hotunan ga."

"Wallahi don kai na yi, Bashiru! Sunanka na sa, shi ne ya canza!"

"Na yarda da ke. To ran Asabar ki hwaɗa musu haka. Ni in na yi magana, cewa za a yi hassada ta. Ke ce shaida."

Ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin babanta.

"Safiyya?"

"Zan... zan gani."

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a filin wata makarantar firamare a Bodinga. An karrama wata dattijuwa da ke tara mata suna kwashe ledoji a kasuwa, da wasu samari masu yashe magudanan ruwa kafin damina. Sannan mai gabatarwa ya kira babbar lamba, aka kaure da tafi. Zaharaddeen ya hau mumbari cikin shadda fara ƙal, ya yi bayanin yadda yake tashi da sassafe ya ɗebo ruwa, har muryarsa tana rawa. Alhaji na layin gaba yana gyaɗa kai.

Safiyya ta waiwaya. Can bayan rumfa, cikin rana, Bashiru na tsaye da tsohuwar rigarsa, ita kaɗai yake kallo. Ta yunƙura za ta tashi, Inna ta danne mata gwiwa. Ta dubi ƙeyar babanta, ta dubi Bashiru, sai ta koma ta zauna. Ta sunkuyar da kai har aka gama ɗaukar hoto. Da ta sake ɗagowa, babu kowa a inda yake tsaye.

Daga ranar bai ƙara kiranta ba. Ta tura saƙo ya fi ashirin, sau ɗaya ya amsa: "Allah shi ba mu haƙuri."

Injin ban ruwa ya wuce lambun albasar Alhaji. Satifiket ta samu firam a falo. Aikin da Zaharaddeen ke jira bai zo ba. Safiyya kuwa ta rame, ta daina fira, abinci sai an matsa mata. Duk manemin da ya turo, sai ta ce a ce ba ta da lafiya, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da bazara ta tsananta, Inna ta tura ta wurin Goggo Saratu ko canjin wuri zai taimaka. Kwana biyu da zuwanta ta zaga bayan gari ita kaɗai. Abin da ta gani ya sa ta zauna a ƙasa. Rijiyar da Bashiru ke ɗiba ta ƙafe, ruwa sai a fadama mai nisa, inda sai da inji ake jawo shi. Layi-layi na ƙananan itatuwa sun bushe sun zama tsinke. Can ƙarshen kwarin ta hango shi yana karkata jarka a gindin wata bagaruwa, yana tsiyayawa kaɗan-kaɗan kamar mai ba jinjiri magani.

"Bashiru..."

Ya ɗago, ya gaishe ta kamar baƙuwa. "Sannu da zuwa. Ya mutanen Bodinga?"

"Ka yafe mini. Tsoro na ji."

"Na sani. Uba ba wasa ba ne, ban riƙe ki ba." Ya nuna layin da hannu. "Ɗari huɗu da wani abu na dasa. Yanzu ba su kai sittin ba. Na zaɓi manyan, na bar ƙanana su mutu. Kullum in na wuce su sai in kau da kai."

Ta koma gida ta faɗa jikin Goggo ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Goggo Saratu ta bar ta har ta gaji, sannan ta ce, "Kuka ba ya ba icce ruwa, ɗiyata. In kina da abin yi, ki yi. In babu, ki share hawaye ki koma gidanku."

Da ta koma Bodinga, Safiyya ba ta sauka a gida ba. Daga tasha ta hau keke napep zuwa ofishin Gamayyar, ta samu sakatariyarsu, Hajiya Binta, ta ajiye mata wayarta a kan tebur, ta faɗi komai tun daga fom har zuwa ranar Asabar.

Hajiya Binta ta duba hotunan da ke cikin wayar, sannan ta dube ta. "Kin san abin da wanga zai jawo miki a gida?"

"Na sani, Hajiya."

Cikin mako guda kwamiti ya je Dandin Mahe tare da Zaharaddeen. Aka ce ya nuna hanyar kwarin, ya kai su wata hanya dabam. Mutanen gari suka ce ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Aka karɓe lambar, aka karɓe injin, labari ya cika kasuwar Bodinga kafin azahar.

Safiyya ta zaci aƙalla yanzu za a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ina! 'Yan kwamitin suka kama zargin juna a kan wanda ya sa hannu ba bincike, wasu suka fice, aka kulle injin a sito ana jiran zama na gaba. Zaman bai yiwu ba har yau, kuma ba a ƙara ba da lambar ba.

A gida kuwa, Alhaji ya tara su a falo. Bai ɗaga murya ba.

"Shekara talatin ina kasuwar ga, ba a taɓa nuna ni da baki ba sai yau. Ɗana ya yi sata, ɗiyata ta kai shi kasuwa. Safiyya, ki ci, ki sha, ki kwana cikin gidan ga. Amma tsakanina da ke babu magana."

"Baba, don Allah—"

Ya tashi ya fita.

Zaharaddeen ya tattara kayansa ya tafi Sakkwato wurin abokinsa, bai yi mata sallama ba. Inna takan ajiye mata abinci ta juya. Haka Safiyya ta yi shekara guda cur a gidan ubanta kamar baƙuwar da ba a so. Kowace safiya takan durƙusa ta gaishe shi, ya wuce kamar iska ce ta kaɗa. Bashiru ya dawo yana kiranta, amma mi zai ce? Sau biyu yana turo magabata, sau biyu ana barin su a zaure ba wanda ya fito.

Goggo Saratu ce ta gaji. Ta zo Bodinga da Baffa Sha'aibu, yayansu duka, wanda Alhaji ba ya iya musa masa.

"Sama'ila," in ji Baffa, "wanda ya yi laihi ka bar shi ya tahi da albarkarka, wadda ta hwaɗi gaskiya kana kashe ta a tsaye. Yarinyar ga ta ƙare. Mi kake jira, gawarta?"

Alhaji ya kau da kai. Daga baya ya ce, "Yaya, kai ne babba. Ka ba shi ita. Amma ni ba ni zuwa, kuma ko cokali ba ya hita gidan ga da sunan kayan ɗaki."

Haka aka ɗaura auren bayan sallar Juma'a, da mutum goma sha wani abu. Ba kiɗa, ba gara, ba jerin motoci. Goggo ce ta ba ta katifa da tukwane biyu. Inna ta rako ta har zaure, ta cusa mata zani ɗaya a jaka a ɓoye, ta koma ciki da sauri tana toshe baki.

Rayuwarsu a Dandin Mahe ba ta da sauƙi. Ɗinki sai lokacin sallah, kwarin kuma bai daina cin ƙasa ba, sai dai inda itatuwa talatin da bakwai suka rayu. Babu wanda ya sake zuwa da kyamara. Amma duk Juma'ar farkon wata Safiyya takan hau mota zuwa Bodinga, ta durƙusa a ƙofar falo ta ce, "Baba, ina wuni?" Shiru. Ta tashi ta koma.

Wata goma sha huɗu tana haka. Ranar nan ta zo da jaririyarta a goye, ta durƙusa kamar kullum.

"Baba, ina wuni?"

Alhaji na jan carbinsa. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Lahiya lau."

Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma ɗago kai ba. Safiyya ta fito zaure ta jingina da bango, tana kuka tana dariya, har jaririyar ta farka.

'Yan'uwana matasa, gaskiyar da aka jinkirta tana zuwa ne bayan an yi asarar da ba ta dawowa. Da Safiyya ta miƙe ranar Asabar ɗin nan, wataƙila da ɗaruruwan itatuwa suna tsaye. Iyaye kuma su sani, rufa wa ɗa asiri a kan haƙƙin wani ba ƙauna ba ce, rusa gida ne. Haƙuri yana da sakamako, amma ba kullum yake zuwa da tafi da rumfuna ba. Na Safiyya kalma biyu ne, kuma ta karɓe su da hannu biyu.