Sandar da Aka Kafa a Bayan Ɗaki

Rana ta faɗi, tsuntsaye sun yi shiru, Mai Eriya ya shiga ɗan ɗakinsa na bayan gida kamar kullum. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Tun da ya bar aiki ba shi da abin so kamar rediyon nan tasa mai kai magana da karɓowa, wadda yake hira da baƙin nesa ta cikinta. Matarsa kan ce da rediyo na dafa abinci da tuni ita an sallame ta.

A ranar, da hantsi, ya kafa sandar jan ƙarfe a bayan ɗakin, ya ɗaura mata waya, don ƙasa ta shanye wani ɗan zuu da ke damunsa a rediyon. Yana kunna rediyon sai wata ƙara ta cika ɗakin, mai kauri, tana hawa tana sauka kamar numfashin majinyaci.

Ya bi ta yadda ya saba. Ya zare firij, ya zare caja, ya kwance ƙwan fitila ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe wutar gidan ɗungurungum, ya koma kan batir. Ƙarar ko gezau ba ta yi ba.

Kwana uku ana haka. A na huɗu duwatsu suka fara sauka a kan kwano, ba a ga mai jifa ba.

Ya ɗauki ƙaramar rediyon hannu yana zaga gida, don inda ƙara ta fi ƙarfi nan tushenta yake. Ta yi rauni a bakin titi. Ta ƙaru a tsakar gida. A ƙofar ɗakin 'yarsa, wadda take ɗinki, sai da rediyon ta yi rawa a hannunsa.

'Yar tana zaune gaban keke, idanu a kafe, baki a buɗe. Ya kashe rediyon. Ƙarar ta ci gaba, daga maƙogwaronta.

Matarsa ta riƙe bango. "Malam, me ka taɓo mana?"

Washegari da la'asar sakaliya aka zo da wani malami, dattijo mara yawan magana. Ya zauna ya yi ta karatu har inuwa ta cinye ɗakin. Sai yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ku tambaye shi sandarsa."

"Me ta yi miki?" in ji malamin.

"Ta fasa mini rufi. Ta shiga kunnen jikana yana barci. Yau kwana biyar ina kiransa ba ya waiwayowa."

"Bai sani ba, baiwar Allah. Za a cire yanzu. Ki ji tsoron Mahaliccinki ki fita."

"A cire. Kunnen fa? Zan tafi da na wannan."

Malamin ya ɗaga hannu zai ci gaba da karatu, amma Mai Eriya ya riga shi.

"Ni na kafa. Ki ɗauki nawa."

"Kul! Ba a ciniki da su!" Malamin ya daka masa tsawa. Ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya.

Da hannunsa ya je ya girgiza sandar, ya zaro ta. Tsininta a jiƙe yake, baƙi ƙirin. Yana yar da ita sai komai ya ɗauke ɗif, har ya ce a ransa alhamdu lillahi, ƙara ta mutu.

Ya koma ciki. 'Yarsa na kwance jikin uwarta, ta dawo hayyacinta, tana kuka. Ta miƙo masa hannu. Ya ga leɓɓanta sun haɗu sun rabu, sun sake haɗuwa sun rabu, amma ko sauti bai iso kunnensa ba. Ya tsuguna ya kama hannun, ya amsa da ƙarfi fiye da kima:

"Na'am."