Tsagar da Aka Goge a Hoto

"Ni za ka ce wa in zauna? Aikin wata biyar ne ya ɓace, Yallaɓai, wata biyar!"

"Na ji, Alhaji. Sau huɗu ke nan kana faɗa. Zauna dai."

Sufeto Haladu ya murza ido. Shekara biyu ta rage masa ya ajiye kaki, gwiwa na ciwo, ga fankar ofishin ta mutu tun bara. Mai ihun kuwa Alhaji Abdulmutallib ne, ɗan Malumfashi da ya shekara ashirin a Kano yana ɗaukar hoton jaruman fim. Duk wadda ya ɗauka, sai ka gan ta a kalanda da bayan tifa. Da wayar hannu ta kashe masa kasuwa, sai ya ce ai shi dama darakta ne, ya kwaso jama'a zuwa Ƙarfi yin fim ɗinsa na farko.

An gama ɗauka ranar Alhamis. Juma'a maza na masallaci, aka ɗauke 'yar na'urar da aka tara fim ɗin kaf a ciki, aba kamar sabulun wanki. Kwafi kuwa babu. Wai ya manta.

A masaukinsu Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ga kyamara mai tsada a kan gado, ko taɓa ta ba a yi ba.

"Ɓarawon nan ba kuɗi yake so ba," in ji shi.

Alhaji bai ma ji ba, ya riga ya buɗe masa kundin hotunansa, don ko gobara ake sai ya nuna. A shafin farko akwai wata siririyar yarinya mai tsaga uku-uku a kumatu. A na biyu ita ce dai, amma fuska sumul.

"Wannan aikina ne na farko," ya ce, ya yi saurin juya shafin.

Aka kira Buba mai kyamara.

"Ina makullin ɗakin yake lokacin salla?"

"Yana aljihuna, Yallaɓai."

"Ciro shi."

Buba ya laluba, ya sosa ƙeya. Ashe a saman ƙofa yake ajiye shi, kowa ya sani.

"Me ya faru ranar Alhamis?"

"Babu komai."

"Buba, ƙafata na ciwo. Kada ka sa in tsaya."

Sai bakin ya buɗe. Wai ana tsakiyar ɗauka a bakin kasuwa, wata tsohuwa mai daddawa, Hansai, daga gidajen Maguzawa na bayan gari, ta ratso mutane ta kama hannun babbar jarumarsu Hajiya Baturiya ta ce, "Tani, ke ce?" Hajiya ta fizge ta ce mahaukaciya ce. Darakta kuwa ya yi wa Buba raɗa kada ya kashe kyamara. Daga baya ya ce wurin nan ba za a yanke shi ba.

Washegari da azahar Hajiya Baturiya ta iso ofis, turare ya riga ta shigowa. Hoda kam an shafa ta kamar yaɓen ɗaki.

"Hajiya, a ina aka haife ki?"

"Fagge, cikin Kano. Ban taɓa taka ƙauyen nan ba sai da aiki ya kawo ni."

"Jiya da rana fa?"

"Ina ɗaki, kaina ke ciwo."

Tana magana tana susar wuya da damtse. Sufeto ɗan manomi ne, ya san susar sauro, ya san wannan. Ya leƙa waje ya yi wa Kofur Sakinatu magana a kunne, ta hau babur ta tafi. Shi kuma ya dawo ya zauna yana rubutu a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.

Zafi ya yi aikinsa. Gumi ya fara wanke hoda, layi uku suka fito a kumatun dama, uku a na hagu.

"Ƙaiƙayin dawa ne ke damun ki, Hajiya," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Wanda ya shiga rumbu shi ke kwaso shi. A ɗakin otal babu rumbu."

Can Kofur ta shigo da ƙullin leda, duk ƙura, ta ajiye a tebur. Na'urar ce a ciki, a rumbun Hansai ta samo ta. Alhaji, da ke zaune a benci, ya zabura kamar an ce matarsa ta haihu.

"Ni na ɗauka," in ji Hajiya, muryarta ta koma ta 'yan Ƙarfi sak. "Uwata ce. Shekara ashirin da biyu ban je ba. Jiya na je, ba ta tambaye ni komai ba, ita ta riƙe min tsani na hau."

Ta juya ga Alhaji.

"Kai ka goge min tsagar nan da hannunka, ka ce ba mai sayen kalanda da ita. Kai ka sa min suna. Yau kuma kana so duniya ta kalle ni ina kiran uwata mahaukaciya?"

Kofur ta kama hannunta a hankali, suka wuce bayan kanta.

Sufeto ya dubi Alhaji a gajiye.

"Minti nawa ne wurin?"

"Biyu."

"Yanke shi, ka janye ƙara, kowa ya tafi gida."

"Yallaɓai, duk fim ɗin nan wurin ne kaɗai ke da rai. Ba zan yanke ba." Ya miƙa hannu ga ledar.

Sufeto ya riga shi, ya jefa ta a durowa ya murza makulli.

"To, shaida ce. Sai alƙali ya gama da ita. Akwai wata kaza da muke jiran hukuncinta tun bara waccan."

Alhaji ya rungumi kundin hotunansa ya fita, ya buga ƙofar da ƙarfin da ya sa matacciyar fankar nan ta juya sau ɗaya.