Aidin a Ƙafar Baba

"Sati bakwai, Hafiza! Kullum in na dawo daga kasuwa sai in yi sallama, in tsaya ina jiran ki amsa..."

Jabiru ne, mijina, tsaye a zauren gidanmu na Damari, wandonsa duk taɓo. Wata huɗu da aurenmu aka kira ni, wai fartanya ta sari Baba a ƙafa. Ga ciwon suga, ga Inna ta rasu bara, ni kaɗai ce ɗiyarsa. Na baro Kankara da niyyar kwana uku.

"Yaya, ka yi haƙuri... wa zan bar ma shi?"

"Ni kuma wa kika bar ma ni?"

Na dube shi. Ya rame. Shi ma bai san cewa hularsa da na taho da ita a jaka, ita nake ɗauko in ta kallo duk bayan la'asar ba.

Sai na ga jini a gwiwar hannunsa.

"Innalillahi! Mi ya same ka?"

"Babur ne ya zame da ni. Sauri nake in gan ki."

Na zaunar da shi, na wanke ciwon da ruwan da na tafasa, na jiƙa auduga da aidin kamar yadda malamar asibiti ta koya mani. Ina ɗorawa ya zabura.

"Wash! Kashe ni za ki yi, masoyiya?"

"Raki! Baba kullum sau biyu ake sa mashi, ko tari ba ya yi."

Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ban saki hannunsa ba, shi ma bai janye ba.

Daga ciki Baba ya yi gyaran murya. "Hafiza, lokacin wankin ƙafa ya yi."

Jabiru ya karɓi kwalbar aidin daga hannuna. "Zo ki nuna mani."

Ya durƙusa gaban Baba, ya ɗora ƙafar a cinyarsa.

"A'a, Jabiru! Ina suruki ina wannan aiki?"

"Baba, ai ɗa ne ke yi."

Ina faɗa yana bi: ya wanke, ya tsane, ya bi gefen ciwon da aidin a hankali har yatsunsa suka rine. Baba ya daɗe yana kallon ƙeyarsa.

"Na ji ku a zaure," in ji Baba. "Sau nawa yarinyar nan ta ce in bi ta zuwa Kankara, na ƙi saboda masarata. Na riƙe maka mata kan gona. Ƙanena Gide ya kula da gonar. Gobe ku nemo mota, tare za mu tafi."

"Baba...!" Na rufe baki da mayafi.

Jabiru bai ɗago ba. Ya ci gaba da naɗa bandeji, kafaɗunsa na rawa.

Baba ya dafa kansa. "A hankali, ɗana. Kada ka jiƙa mani bandejin da hawaye."