Akwatin da Injiniya Ya Ajiye

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, Umma ta rufe keken ɗinkinta ta shiga ɗakin marigayi kamar yadda ta saba. Mijinta mai hoto ne, kuma tun da ya rasu ba ta kawar da komai daga ɗakin ba sai ƙura. Ga teburinsa, ga kujerarsa mai ɗingishi, ga tsohuwar kwamfutarsa. A cikinta hotunan gidan suke kaf. A cikinta kuma muryarsa take, don mutum ne mai son surutu, yakan kunna na'ura ya yi ta ba 'yarsu labari, yana dariya tun kafin ya kai wurin dariyar. Kullum kafin magariba uwa da 'ya sukan zauna su saurari guda ɗaya, sannan su tashi su yi alwala.

A wannan yammacin kwamfutar ta daɗe ba ta farka ba. Da ta farka, muryar ta fara, ta yi nisa kaɗan, sai ta tsaya cak a tsakiyar magana. Daga cikin ƙarfen wata ƙara ta taso, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani da farce.

"Umma, Baba ya maƙale," in ji yarinyar. 'Yar Baba ake ce mata, ita kaɗai Allah ya ba su, ba ta daɗe da shiga sakandare ba.

Umma ba ta tsorata ba, domin akwai Injiniya. Ƙanin marigayi ne, yana da ɗan shagon gyaran kwamfuta a bakin titi, kuma ita ta laƙaba masa sunan tun bai iya komai ba sai ɓata rediyon gidan. Bayan rasuwar shi ya zaunar da ita ya ce faifan ajiyar da ke cikin kwamfuta kullum juyawa yake kamar tayar mota, wata rana dole ya lalace. Ya ce abin da mutum yake so ba a barin sa a wuri ɗaya, kuma kwafin ma ba a ajiye shi gida ɗaya da na asali, saboda gobara da ɓarawo. Ya zo da wani ɗan akwati mai igiya, bai fi sabulun wanka ba, ya jona don ya kwafe komai a ciki, ta dafa masa shayi, ya ce an gama. Ya tafi da shi shago. Tun daga ranar, duk sanda ya shigo gaisuwa sai ta ce, "Injiniya, amanata fa?" Shi kuma ya ce, "Tana nan, Yaya, ko ɓera bai san inda take ba."

Ta kira shi a waya, ta kanga masa ƙarar ya ji.

"Kashe ta, Yaya. Kada ki ƙara kunnawa, duk kunnawa ɗaya rage mata kwana take. Gobe zan zo."

Ya zo washegari da almuru, akwatin a aljihunsa, babu tsokanar da ya saba. Ya ce aikin yana son natsuwa, ya shiga ɗakin ya turo ƙofa. Umma tana tsakar gida tana jin ƙas, ƙas, ƙas ta cikin katako, ta yi mamakin mutumin da ya hana ta kunnawa ga shi ya kunna. Amma ta ce a ranta, mai sana'a ya fi ta sani. Ya fito yana sharce gumi, ya ce sai ya dawo gobe, ya bar akwatin a kan tebur. Bai kai bakin titi ba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, a jere, da tazara iri ɗaya da ƙarar kwamfutar. Suka gangaro tsakar gida. Ƙananan duwatsu ne baƙaƙe masu santsi, irin da babu su a unguwar, kuma da ta ɗauki ɗaya ta ji shi da ɗumi kamar bayan na'urar da ta wuni tana aiki. Maƙwabta suka fito da tocila, suka zagaye gidan, suka leƙa saman katanga, ba su ga ko kyanwa ba. Da safe ta share duwatsun ta kai bola.

Haka abin ya ɗore. Injiniya ya zo da almuru ya kulle kansa, ya fito ido ja, ya tafi, jifa ta fara. Kowace rana ta fi ta jiya yawa. Daga baya aka soma jin kuka siriri daga ɗakin marigayi, kukan jariri amma ba na mutum ba, da wata murya can ƙasa tana rarrashi. In Umma ta buɗe ƙofa sai tsit, babu komai sai ɗan akwatin a kan tebur. 'Yar Baba ta daina cin abinci. Takan zauna a bakin ƙofar ɗakin ta haɗa kai da gwiwa, harshenta yana buga ganda, ƙas, ƙas, ƙas, in an kira ta ba ta waiwayowa.

Ranar da ƙarar kwamfutar ta ɗauke gaba ɗaya, Injiniya ya fito bai ko yi sallama ba. A ranar yarinyar ta miƙe tsaye, ta dubi uwarta da idon da bai san ta ba, ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito, a dishe.

"Kun karya mini ɗa."

Wata maƙwabciya ce ta kawo Malam washegari. Dattijo ne siriri mai magana a hankali, wanda bai taɓa sa hannu a kwamfuta ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya tsaya a bakin ɗakin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira masa duk wanda yake shiga nan. Aka kira Injiniya. Ya zo, ya ce ya bar shago a buɗe, Malam ya nuna masa tabarma ya ce shago zai jira.

Aka kwantar da yarinyar, Umma ta riƙe ƙafafunta. Malam ya fara karatu daidai lokacin da hasken taga ya soma dusashewa. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta sauka ba. Dutse ɗaya ya faɗo a kan rufi, sai shiru, shirun da har numfashin mutum yake jin kunyar fita. Jikin yarinyar ya sandare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, dattijo, kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ni ban zo gidan kowa ba. Ni aka ɗauko da gidana."

"Ina gidan naki?"

Hannun yarinyar ya tashi a hankali ya nuna tebur. Malam ya dubi ɗan akwatin, ya sake duban sa.

"Wannan ɗan abin?"

"Mu ba girman wuri muke nema ba, kango muke nema. Inda babu kowa, babu komai. A bayan kanta na same shi a shagon wancan, ƙura ta rufe shi, cikinsa fayau. A ciki na haihu, a ciki na yaye."

Umma ta saki ƙafar 'yarta. "Ƙarya take, Malam. Cike yake. Hotunanmu ne a ciki da muryar mahaifin yarinyar nan." Ta juya. "Injiniya, faɗa mata."

Injiniya yana kallon saƙar tabarma.

"Ba ma shiga wuri mai mai shi," in ji muryar. "Muna zaman lafiya ya ɗauko mu, ya ɗaura mana igiya, ya dinga antayo mana kaya a ka. Fuskoki, dariya, surutu. Ɗaya ya faɗo wa autana ya karya masa ƙafa. To abin da ya zubo, mu kuma mu jefar waje. Su ne kuke ji a kan rufi."

Umma ta tuna tsintsiyarta, ta tuna bola, ashe hotunansu da muryar mijinta ta yi ta sharewa. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙanin mijinta, yaron da ta yi wa wanki yana makaranta, ta ce, "Ina jin ka."

Maganar ta fito masa a gutsure. Ranar da ya jona akwatin, kwamfutar ta nuna aikin zai kai dare, abokansa kuma suna jiran sa a waje, sai ya soke, ya ce gobe ya dawo ya yi. Da ta shigo da shayi ta tambaya, bakinsa ya riga shi, ya ce an gama. Daga nan kuma ta yaya zai dawo ya ce a ba shi ɗakin? Kullum yana cewa a ransa sai ranar da ta fita unguwa. Da faifan ya fara ƙara, ya san in aka kai wa waɗanda suka fi shi kayan aiki wataƙila su ceto wani abu, amma sai an tambayi ina kwafin. Shi ya sa ya yi ta kunnawa a ɓoye ko zai kwashe kafin ta gane, har faifan ya tsaya.

"Na yi niyya, Yaya. Wallahi na yi niyya."

"Sau nawa na tambaye ka?" in ji Umma. "Da ka ce mini bai yiwu ba, da na ba ka ɗakin da shayin, har da abincin dare. Faifan lafiyarsa ƙalau a lokacin. Ka bar ni ina barci a kan maganarka."

Ba rashin hotunan ne ya fi ci mata rai a wannan lokacin ba. Dariyar da yake yi duk sanda ya ce tana nan, ita ce ta fi mata ciwo, domin ita ma takan taya shi.

Malam ya koma kan yarinyar. "An zalunce ki, na ji. Amma wannan yarinyar ba ita ta karya miki ɗa ba. Ki fita."

"A mayar mini da gidana inda ba mai ƙara ɗaura masa igiya."

"Za a yi. Ni da kaina zan kai shi."

Kan yarinyar ya juya wajen Umma, bakin ya yi wani murmushi da ba nata ba. "Ke uwa ce, ni ma uwa ce. Abin da ya faɗo mana, kafin mu jefar na haddace. Saurara."

Sai muryar marigayi ta cika ɗakin. Ita ce, babu ko tantama, da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara labari, da dariyar da take riga maganar fita. Ya ɗauko daga daidai inda ya maƙale ya ci gaba. Injiniya ya toshe kunnuwansa. Umma kuwa ba ta san sanda ta matso ba, har gwiwarta ta taɓa ta 'yarta.

Muryar tsohuwar ta dawo. "Faifanku ya mutu, ba ya tashi. Ni kaɗai nake da shi yanzu. Ki bar mini yarinyar da magariba kawai, sauran wunin taki ce. Kullum za ki ji shi."

"Ba shi ba ne," in ji Malam a hankali.

"Na sani," in ji Umma. Amma ba ta ce a fita ba. Aljanar ta gane, ta sake sako muryar. Umma ta rufe ido tana sha kamar mai ƙishirwa, kuma har ta mutu ba za ta daina jin kunyar wannan ɗan lokacin ba. Da ta buɗe ido sai ta ga wuyan 'yarta. Jijiyoyin sun tashi raɗa-raɗa don ɗaukar muryar da ta fi ƙarfinsu, leɓen ya tsage yana jini, hawaye yana zuba daga idon da ba ya ƙiftawa.

Ta sa tafin hannunta ta rufe bakin yarinyar, mijinta yana tsakiyar dariya.

"Ɗauki kayanki ki fita daga jikin 'yata."

Malam ya ɗaga murya a karo na farko. Ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ita da zuriyarta, ta yi tana gunaguni. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta zube a cinyar uwarta. Malam ya zare igiyar, ya naɗe akwatin a cikin hankicinsa, ya sa a aljihu. Rufin kwano ya yi shiru.

An jima 'Yar Baba ta buɗe ido. Ta nemi ruwa da 'yar muryarta ta kullum, ta sha, ta dubi mutanen ɗakin, ta dubi kwamfutar da fuskarta ta yi baƙi.

"Umma, an gyara?"

"Ba ta gyaruwa, 'yata."

Yarinyar ta gyara kwanciya, hankalinta kwance. "To ba komai. Ai Baffa yana da kwafi."

Umma ta goge mata jinin leɓe da bakin mayafinta. Ba ta dubi inda yake zaune ba.

"Ga shi nan," ta ce. "Tambaye shi."