Mai Sunan Malam

Ranar Litinin da hantsi aka miƙa wa Sufeto Latifa Sa'id ƙarar satar kujeru. Ta ji haushi, don ba domin kujeru ta shiga aikin ɗan sanda ba. Haushin ya ragu da Saja Asher, mataimakinta, ya ce kujerun guda biyu an yi gwanjonsu a Birmingham ranar Asabar, kuma kuɗinsu zai sayi gida.

"Wani Bafaranshe ne ya ƙera su shekara saba'in da suka wuce. Itace da baƙin ƙarfe. Masu tara irin kayan nan hauka suke yi a kansu. Na ma riga na kama direban da ya ɗauke su, Choji sunansa. Gobe za a kai shi kotu."

Asher yaron kirki ne, sai dai a nan ƙasar Turawa, a Salford, aka haife shi, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Kuma yana da gaggawa.

A unguwar Whalley Range gidan da aka yi satar yake. Mai gidan, Dakta Maharazu, ya rasu wata biyu da suka wuce, matarsa Hajiya Kubura tana takaba. Latifa ta same ta zaune a kan darduma a falon da babu kujera ko ɗaya. Ta durƙusa ta yi mata ta'aziyya.

"Kayan ɗakina ne, 'yar nan," in ji Hajiya. "Mahaifina, Malam, ya yi wa wani kwamandan Faransa tafinta a Yamai. Da zai tafi ya bar masa su. Kujerun Kwamanda muke ce musu. Ranar rasuwa aka kai su gareji don a shimfiɗa wa masu gaisuwa. Sai ga autata Shifa ta gan su a intanet."

Wani mutum mai farar jallabiya ya shigo da shayi. Ya ce shi ne Abdurrahim, babban ɗa, injiniya ne a unguwar Handsworth ta Birmingham.

"Officer, ai magana ta ƙare. Choji ne ya kai kayan gareji ranar rasuwa, an ba shi makulli. Mun yarda da shi, ya ci amanarmu. That's all."

Hajiya ba ta ɗaga kai ta dube shi ba. Ta amsa shayin ta ajiye.

Latifa ta duba garejin. Ba a ɓalle kwaɗo ba.

A ofis Choji ya fara da ƙarya. Mutumin Jos ne, mai 'ya'ya uku, da motarsa ta kaya yake ciyar da su.

"Ban taɓa kujerun nan ba tun ranar rasuwa."

"Kyamara ta ɗauki motarka a hanyar Birmingham ranar Juma'ar da aka fitar da su."

Ya sunkuyar da kai.

"Madam, insurance ɗina bai kai na ɗaukar kaya da nisa ba, shi ya sa na ɓoye. Wani ne ya kira ni da ɓoyayyar lamba, ya ce daga gidan Dakta. Ya ce gareji a buɗe yake, in kai su wani store a Perry Barr, can Birmingham."

"Makullinka fa?"

"Na mayar wa Shifa tun ranar sadakar uku. Ki tambaye ta."

"Me ya ce ka ɗauka? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Ya ce kujerun Kwamanda. Sai da na tambaye shi waɗanne ne."

Shifa ta tabbatar da maganar makullin ta waya. Ta ce ba wanda ya tambaye ta.

Da azahar Latifa na Birmingham. Gidan gwanjon ya sha fenti da fitilu, ma'aikatansa suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Kujerun na can ciki an naɗe su, suna jiran motar da za ta kai su Paris. Latifa ta sa aka dakatar da tafiyar. Ta kalle su da kyau: kujeru ne dai, masu gajerun ƙafafu. A ranta ta ce, a Sabon Gari da ƙyar wani zai taya.

Baturiyar da ke kula da sashen ta ce da sunan kamfani aka kawo su, ba ta taɓa ganin mai su ba.

"Amma mun yi magana ta waya. A sana'armu tarihin kaya shi ne rabin kuɗinsa, shi kuwa ya san tarihin sarai. Ya ce kakansa tafinta ne a Nijar. Har da alfahari ya ce sunan kakan aka sa masa."

Latifa ta koma mota ta kira Asher.

"Da ka tambayi Hajiya masu makulli, me ta ce?"

"Mutum uku. Shifa, direba, da marigayi."

"Kunna mini muryarta da ka naɗa."

Muryar Hajiya ta fito a hankali: "Ɗaya na wurin Shifa, ɗaya an ara wa direba, ɗaya kuwa na wurin mai sunan Malam."

"Na ji malam, na ɗauka mijinta take nufi," in ji Asher.

Latifa ta runtse ido. Tun ranar farko matar nan ta faɗi gaskiya, ba a ji ba. Bahaushiya irin ta da ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Balle ɗan da aka sa wa sunan mahaifinta. Saboda wannan kunyar bawan Allah ya kwana a kulle.

Da la'asar suka koma Whalley Range, ita da Asher. Abdurrahim na nan, yana naɗe tabarmi.

"Kana da makullin gareji?" in ji Latifa.

"Ni? A Birmingham nake zaune, me zan yi da shi?"

"Sunan wa aka sa maka?"

Ya yi murmushi. "Ki tambayi Umma mana. In za ta iya faɗa."

Ya san abin da ya taka. Tun farko a kan haka ya gina shirinsa.

Latifa ta ajiye rikoda a gaban Hajiya, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Aikin ya yi mata ɗaci, amma ta yi shi.

"Hajiya, ki gafarce ni. Alƙali bai san mai sunan Malam ba. Kafin in samo bayanan kamfanin nan sai an ɗauki makonni, Choji kuwa gobe zai gurfana. In ya shiga kotu da sunan ɓarawo, ba mai sake ba shi kaya a garin nan. Wa ke riƙe da makulli na uku?"

"Ai na faɗa, 'yar nan."

"Da suna nake so."

Hajiya ta daɗe tana murza carbi. Shifa na tsaye a bakin ƙofa tana kuka ba sauti.

"Yaran direban nan guda nawa ne?"

"Uku."

Hajiya ta dubi bango.

"Abdurrahim."

Tabarmar ta faɗi daga hannunsa. Ya yi wata dariya mara daɗin ji.

"Shekarata arba'in, Umma. Yau na fara jin sunana a bakinki, kuma ga 'yan sanda kika faɗa." Ya juya ga Latifa. "Ni ne. Ni na buɗe garejin, ni na kira Choji. Rubuta. Ina da shekara biyu aka ba wa gwaggo ni a Kano, wai ɗan fari ba ya tashi a gaban uwarsa. Da za su taho ƙasar nan kujerun aka sa a jirgi, ni aka bari. Na zo da wayona na tarar ana shafa musu mai duk Juma'a. Ni ko ciwo nake sai ta aiko Shifa ta tambaya ya jikin wancan."

"Choji fa? Me ya yi maka?" in ji Latifa.

Ya mayar da idonsa kan mahaifiyarsa.

"Kunya ce," in ji Hajiya. "Haka aka yi mini, haka na san ana so. Ban taɓa sallah ban sa ka a addu'a ba."

"Allah kika gaya wa. Ni ba ki gaya mini ba."

Asher ya karanta masa haƙƙinsa da Turanci, ya sa masa ankwa. Ya bi su ba gardama, bai waiwaya ba. Latifa ta kira ofis ta ce a saki Choji, sannan ta kashe rikodar.

Hajiya ba ta tashi ba, mai takaba ba ta rakiya. Ta ce wa Shifa ta rufe ƙofa, sanyi na shigowa.