Gadon Ƙarshe a Ɗakin Wankin Ƙoda

Gab da magariba likita ya tuna ya bar makullin motarsa a ɗakin wankin ƙoda. Ya koma yana tsaki. An sallami marasa lafiya, ma'aikata sun watse, sai warin maganin goge ƙasa.

Ba ya son ɗakin nan. Sati uku da suka wuce, a gadon ƙarshe, ya zo sa wa wata malamar makaranta robar wankin jini a jijiyar wuya. Sauri yake yi, bai jira na'urar duba jijiya ba. Allurar ta kauce, ta huda babbar jijiya mai harbawa. Wuyan matar ya kumbura har numfashi ya gagara, ta rasu. A fayil sai ya rubuta wai ita ta fizge robar da hannunta. Yana ji 'yarta tana kuka: "Umma, me ya sa kika yi haka?" Ya wuce abinsa.

Ga makullin a kan tebur. Ya miƙa hannu.

Tit. Tit. Tit.

Injin gadon ƙarshe ne. Wayar wutar injin na yashe a ƙasa, ba a jona ba. Amma jini na zagayawa cikin robobin, baƙi ƙirin.

Ƙarni ya cika ɗakin.

"Likita." Muryar a shaƙe take. "Ni na fizge?"

Labule ya zame. Malamar ce zaune, wuya suntum, allura a hannu.



"Baiwar Allah, kuskure ne..."

"'Yata tana zaton guduwa na yi na bar ta. Miƙo wuyanka. Ni ma sauri nake."

Yatsu masu sanyi suka lalubi wuyansa. Suka tsaya.

Tsini ya shiga fata.

"Ni ne! Ni na huda!"

Ya fizge, ya bangaje ƙofa, ya zube a baranda. Mai shara ce ta tsince shi, kwalar rigarsa jiƙe da jini.

Washegari ya gyara fayil ɗin, ya je ya gaya wa 'yar gaskiya. Ta saurara har ƙarshe, ta rufe ƙofarta.

Bai tsira ba. Hannunsa na dama ya fara kumbura, sannan fuska. Abokin aikinsa ya ɗauki hoton jijiyar wuyansa, ya daɗe yana kallo.

"Tana tsukewa, irin ta wanda ya shekara da roba a wuya. Yaushe aka taɓa sa maka?"